Ciwon gaɓoɓi a jikin mai HIV: wanda ke jira da wanda ba ya jira

Mai ɗauke da cutar HIV da ke shan maganinsa kullum yanzu yana iya tsufa kamar kowa, kuma tsawon ran ya fito da koke-koken da a da ba a samun sukunin saurarensu. Ciwon gwiwa, idon sawu, ƙugu da baya suna sahun gaba. A gida a ce masa sanyin ƙashi ne. A kemis a ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda ba tare da an tambaye shi me yake sha ba, shi ma ba zai faɗa ba don kada asirinsa ya tonu. Ranar karɓar magani kuma layi ya yi tsawo, sai ya karɓi robobinsa ya kama hanya bai tayar da maganar ba. A haka ake asarar gaɓoɓi da ƙoda. Ciwon gaɓa a jikin mai HIV tushensa da yawa ne: wani ya warke don kansa cikin makonni, wani ya cinye gaɓar cikin kwanaki. Sau da yawa kuma abin da aka haɗiya ko aka yi allurarsa don kashe zafin ya fi ciwon kansa ɓarna.

Tambayoyi huɗu ne ke raba gardama, kuma mara lafiya zai iya shirya amsarsu tun daga gida. Gaɓa nawa ce ke ciwo? Dare ɗaya abin ya taso, ko a hankali ya yi ta cin jiki tsawon watanni? CD4, wato ƙwayoyin garkuwar jiki da HIV ke kashewa, nawa ne a gwajin ƙarshe, kuma ƙwayar cutar ta kwanta a jini ko tana nan da yawa? Sannan me da me yake sha, har da na kemis, da na gargajiya, da man shafawa? Wanda CD4 ɗinsa bai kai 200 ba, a fara da zargin wata ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar, musamman tarin fuka. Wanda ya yi shekaru a kan magani cutar ta kwanta, a fi karkata ga illar magani, ko mutuwar kan ƙashin cinya, ko zaizayewar gwiwa irin ta kowa mai zuwa da shekaru da nauyin jiki.

Gaɓa ɗaya mai zafi ba ta kwana a gida

Idan gaɓa guda ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, ta yi zafi in an taɓa, mutum bai yarda a motsa ta ko kaɗan ba, ana ɗauka akwai mugunya a ciki har sai gwaji ya nuna ba haka ba. Bakteriyar da aka fi samu ita ce Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a fata, ta shiga jini ta ƙurji ko wurin allura ko tsaga. Rashin zazzaɓi ba ya wanke gaɓar daga zargi, domin mai raunin garkuwa yana iya ɗauke da mugunya jikinsa da sanyi.

Aikin farko shi ne a zuƙo ruwan gaɓar da sirinji cikin tsafta, kafin a ba da ko ƙwaya ɗaya ta maganin kashe bakteriya. A ƙirga fararen ƙwayoyin jini da ke ciki, a shuka shi a ga abin da zai tsiro, a kai wani ga na'urar GeneXpert don tarin fuka, in da hali a duba gishirin gawut, wato ciwon gaɓa da taruwar sinadarin yurik asid ke kawowa. Ƙidayar da ta haura 50,000 a kowace maikurolita tana nuna mugunya, amma wadda ba ta kai haka ba ba ta kore ta ba, balle ga mai ƙarancin CD4. Daga nan sai magani ta jijiya, da zuƙe mugunyar ko wanke gaɓar a ɗakin tiyata, sannan a ci gaba da ƙwayoyi, jimilla galibi mako huɗu zuwa shida. Mugunya tana fara narkar da guringuntsi cikin 'yan kwanaki, kuma guringuntsi ba ya dawowa.

Inda ake samun matsala sananne ne. An sha ragowar wani maganin bakteriya a gida, saboda haka shukar ba ta nuna komai ba, likita ya koma lalube. Ko an yi wa gwiwar ƙaho da tsaga, aka buɗe wa sababbin ƙwayoyin cuta ƙofa. Mafi muni shi ne a ɗura allurar sitiroid a cikin gaɓa mai mugunya: zafi zai lafa kwana biyu, cutar kuwa ta samu fili.

Tarin fuka tafiyarsa daban. A hankali yake cin ƙugu ko gwiwa ko ƙashin baya tsawon watanni, kuma da yawa ba sa tari ko kaɗan. Ciwon baya da ke hana barci da dare, da rama, da gumin dare, da ƙashi guda a gadon baya mai zafi in an ƙwanƙwasa, waɗannan sun isa a nemi hoto. Idan ƙafafu suka fara nauyi, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba da sani ba, laka ce ake dannewa, kuma aikin gaggawa ne na ranar. Maganin tarin fuka na ƙashi yana ɗaukar wata 9 zuwa 12. Akwai abin da ake yawan mantawa a nan: rifampicin, ɗaya daga magungunan tarin fuka, yana sa hanta ta ƙone maganin HIV na dolutegravir da sauri, don haka mai shan TLD, ƙwayar HIV da ke ɗauke da dolutegravir ɗin, yana buƙatar ƙarin dolutegravir miligiram 50 awa 12 bayan ƙwayarsa ta kullum, ya ci gaba da haka har mako biyu bayan ya gama rifampicin. Shi kuma pyrazinamide, da ake sha a wata biyun farko, yana tara yurik asid a jini ya sa gaɓoɓi ciwo. Ba dalili ba ne na ajiye magani, a dai gaya wa likita. Zafin tafin ƙafa kamar ana taka barkono kuwa ba na gaɓa ba ne, na jijiya ne, yana zuwa daga HIV ɗin ko daga isoniazid, wani maganin tarin fukan, shi ya sa ake haɗa isoniazid da bitamin B6.

Tsoka ma tana yin mugunya, galibi ta cinya ko ɗuwawu. A makon farko ko na biyu wurin tauri kawai yake yi da zafi, babu ruwa, sai a ce targaɗe ne a kai wa mai ɗori. Sikanin zai nuna lokacin da mugunya ta taru, kuma in ta taru magani kaɗai ba ya isa, sai an fasa an fitar.

Wanda garkuwar jiki ke haddasawa

Ita kanta HIV tana sa ciwon gaɓoɓi ba tare da kumburi ba, a gwiwa da kafaɗa da gwiwar hannu. Tana kuma kumbura gwiwa ko idon sawu, abin ya lafa don kansa galibi kafin mako shida. Waɗannan suna da sauƙi, kuma babban maganinsu shi ne kwantar da cutar a jini.

Wanda ya fi wahalarwa shi ne amosanin da ke biyo bayan gudawa ko atuni ko ciwon sanyi da mako ɗaya zuwa huɗu. Babu mugunya a gaɓar, garkuwar jiki ce ta rikice ta far mata. Yana kama gwiwar dama da idon sawun hagu, alal misali, ba a jere ba. Yana son inda jijiya ta manne da ƙashi: mutum ya tashi sallar asuba, takun farko dunduniya ta soke shi, sai ya yi ta ɗingishi zuwa wurin alwala kafin ta ɗan saki. Agara tana kumbura, yatsan ƙafa guda ya kumbura tun daga tushe har farce, ido ya yi ja, tafin ƙafa ya fito da ƙuraje masu kaurin ɓawo. Jiki yana sandarewa da safe fiye da rabin awa, motsi ya sassauta shi. Zaizayewar gwiwa ta tsufa kuwa motsi ne ke tayar da ita. Idon da ya yi ja yana ciwo kuma ba ya son haske, a kai shi wurin likitan ido ba tare da jinkiri ba.

A 1987 likitoci a New York suka fara bayyana wannan amosani a jikin masu AIDS. A Afirka labarin ya fi ɗaukar hankali. Ƙwayar gadon da ake kira HLA-B27, wadda ke janyo irin wannan ciwo ga Turawa, ba ta da yawa a jikin baƙar fata, kuma ciwon ba safai ake ganinsa ba. Da HIV ta yaɗu, likitoci a Lusaka ta ƙasar Zambiya suka riƙa ganinsa da yawa a shekarun 1990, akasarin masu shi kuma suna ɗauke da cutar. Darasin yana nan har gobe: matashin da ya zo da wannan tsari na ciwo, ko wanda ciwon fata mai farin ɓawo da ake kira psoriasis ya mamaye shi farat ɗaya, a ba shi shawarar gwajin HIV ko da bai yi kama da mara lafiya ba.

Ƙugu yana buƙatar a tsaya a kansa sosai, domin nan ne ake yawan makara. Kan ƙashin cinya, wannan dunƙulen da ke juyawa a kwarmin ƙugu, ƙananan jijiyoyin jini ne ke ciyar da shi, kuma in sun toshe ba shi da wata hanya. Ƙashin sai ya mutu daga ciki, ya jima a haka da siffarsa, daga baya ya rufta. Masu HIV sun fi sauran mutane kamuwa da wannan, musamman wanda CD4 ɗinsa ya taɓa yin ƙasa sosai. Sitiroid da giya da yawan kitse a jini suna ƙara haɗarin, haka ma sikila, wadda ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ciwon a matsematsi yake, wani lokaci ya gangara gwiwa, sai a yi ta ɗaukar hoton gwiwar da lafiyarta lau. Mutum ya kasa ɗaga ƙafa ya haye babur, zaman tahiya ya gagare shi, tsuguno a banɗaki ya zama azaba. Gwajin hannu mai sauƙi ne: a kwantar da shi rigingine, a lanƙwasa ƙugu da gwiwa, a tura ƙafar waje yadda cinyar za ta juya ciki. In ya ji zafi a matsematsi kuma juyawar ta tsaya da wuri, a zargi wannan ciwo.

Hoton eksire yana iya fitowa lafiya tsawon watanni alhali ƙashin ya riga ya mutu. MRI ne ke kama shi da wuri, kuma a ɗauki ƙugu biyun, domin sau da yawa ɗayan ma ya kamu yana shiru. Na san kuɗin MRI ba wasa ba ne, amma a ganina nan ne wurin da ya cancanci a yi karo-karo a kansa. Kafin ruftawa akwai abin yi: sandunan dogarawa, barin sitiroid da giya, da ƙaramar tiyatar huda ƙashin don rage matsi. Bayan ruftawa sai dai a sa ƙugun roba da ƙarfe. HIV ba ta hana wannan tiyata ga wanda cutar ta kwanta a jininsa, kuma bai dace a kore shi don haka ba.

Wani ciwon ƙashin daga maganin HIV ɗin yake fitowa. TLD, ƙwayar da akasarin manya ke sha a Najeriya, ta haɗa tenofovir miligiram 300, lamivudine 300 da dolutegravir 50. Magani ne mai kyau da ya ceci rayuka masu yawa, amma a jikin 'yan kaɗan tenofovir yana raunata ƙananan bututun ƙoda, sai fosfet da suga da furotin su riƙa tsiyayewa a fitsari. Ƙashi in ya rasa fosfet laushi yake yi. Haƙarƙari, ƙugu, ƙwauri da tafin ƙafa su yi ta ciwo, tafiya ta zama da rangaji, mutum ba ya iya tashi daga tabarma sai ya dafa gwiwoyinsa. Gwajin farko mai araha ne: ɗan tsinken gwajin fitsari. Suga a fitsari alhali na jini daidai yake babbar alama ce. Sai a auna fosfet da kiriyatinin, wato ma'aunin aikin ƙoda, a jini. Idan tacewar ƙoda ta faɗi ƙasa da mililita 50 a minti, ba a barin mutum a kan wannan nau'in tenofovir. Asibiti za su sauya masa, galibi zuwa abacavir ko sabon nau'in da ake kira TAF. Kafin a cire shi dole a gwada ciwon hanta nau'in B, domin tenofovir yana danne shi ma, in aka janye babu madadi hantar tana iya tashi da ƙarfi. Shi kuwa dolutegravir yana ɗan ɗaga kiriyatinin a makonnin farko ya tsaya nan, wannan ba lalacewar ƙoda ba ce. Mai shan maganin HIV na zidovudine da tsokar cinya da kafaɗa ta yi masa rauni, mace ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali, a auna sinadarin tsoka na CK.

Abin da ake sha don kashe zafin

Diclofenac, ibuprofen da piroxicam suna rage jinin da ke isa ƙoda. In suka haɗu da tenofovir a ƙodar da ta riga ta gaji, ga zafin bazara ko azumi ko gudawa sun busar da jiki, garin neman gira sai a rasa ido. Ba a ce haram ne ba, amosanin da ke biyo bayan gudawa ma su ne maganinsa na farko. Amma a auna ƙoda tukuna, a sha nau'i ɗaya tak, mafi ƙarancin adadi, na kwanaki ƙididdigaggu, da ruwa isasshe. Ƙullin kemis yakan haɗa biyu daga cikinsu a leda guda. Don ciwon yau da kullum farasitamol ya fi aminci: ƙwaya biyu masu miligiram 500, kada a wuce sau huɗu a yini, a rage ga wanda bai kai kilo 50 ba ko mai ciwon hanta. Diclofenac na shafawa ya fi na haɗiya sauƙi ga ƙoda.

Daga nan matsala ke haifar wata. Maganin zafi ya tayar da ƙwannafi, sai a nemi na olsa. Omeprazole yana hana maganin HIV na atazanavir shiga jini domin sai da ruwan ciki mai tsami yake narkewa, saboda haka mai shan atazanavir ba ya haɗa su. Farin ruwan maganin ƙwannafi mai magnesium ko aluminium, da ƙwayar kalsiyam da ake saya don ƙarfin ƙashi, da ta ƙarin jini, duk suna damƙe dolutegravir a hanji. A sha TLD awa biyu kafin su ko awa shida bayansu; kalsiyam da na ƙarin jini ana iya haɗa su da shi in tare da abinci ne. Wanda bai san wannan ba zai ga ƙwayar cutar ta hau a jininsa alhali bai tsallake rana ɗaya ba, a yi ta tuhumarsa da sakaci.

Sitiroid ya fi ba ni tsoro. Dexamethasone da prednisolone suna kashe ciwo nan take, suna buɗe ci, suna cika fuska. Ga mutumin da ke fargabar a ga ya rame a fara tsegumi, wannan jaraba ce babba, kuma da yawa daga ƙwayoyin sa ƙiba da man bilicin da ke kasuwa akwai sitiroid a cikinsu. Sakamakon shi ne mutuwar kan ƙashin cinya, da ƙashi mai saurin karyewa, da suga, da hawan jini, da farkar da tarin fuka. Ga masu shan magani na layi na biyu, kamar atazanavir ko lopinavir da aka haɗa da ritonavir, abin ya ninka. Ritonavir yana toshe hanyar da hanta ke bi ta karya sitiroid, har allura ɗaya ta triamcinolone a gwiwa tana iya zama a jiki tsawon watanni: fuska ta yi zagaye, ciki ya fito da nankarwa, suga ya hau, daga baya jiki ya kasa yin nasa sinadarin, mutum ya riƙa jiri yana faɗuwa. Wanda ya jima yana shan sitiroid kuma kada ya yanke shi dare ɗaya, a hankali likita ke sauke shi. Ritonavir ɗin dai yana tara colchicine na gawut har ya zama guba, yana tara simvastatin na rage kitsen jini har tsoka ta narke fitsari ya yi baƙi. Duk wanda zai yi maka allura a gaɓa, ka nuna masa robar maganinka, ko da kunya za ta kashe ka.

Akwai kuma ciwon da ke tasowa don jiki ya fara samun sauƙi. Makonni bayan fara maganin HIV garkuwa ta farfaɗo, ta gano tarin fukan da ke ɓoye a gwiwa ko baya, wurin ya kumbura fiye da da. Watanni bayan haka amosanin da ke kama ƙananan gaɓoɓin hannu biyu a jere, ko lupus, ciwon da garkuwa ke far wa jikin mai ita, waɗanda suka yi likimo lokacin da CD4 ke ƙasa, suna iya bayyana. Mara lafiya sai ya ce maganin ne bai karɓe shi ba, ya ajiye. Kada a ajiye. A koma asibiti a nemo abin da ya farka. A nan gwajin jini yana yaudara. Gwaje-gwajen amosani na RF da ANA suna fitowa da alama a jinin masu HIV da yawa da ba su da amosanin komai, gwajin kumburi na ESR ma yana hawa saboda cutar kanta, don haka takarda kaɗai ba ta isa a ɗora mutum a kan maganin shekaru ba, sai an ga kumburin da ido an taɓa da hannu. Haka wanda kumatunsa biyu suka kumbura kamar hangum ba ciwo, baki da ido suka bushe: sau da yawa ƙwayoyin garkuwa na CD8 ne suka cika gilan ɗin yawu, kuma maganin HIV ne ke sauke shi.

In an tabbatar amosani ne mai ɗorewa, akwai magungunan da suka dace da mai HIV. Hydroxychloroquine, kada ya wuce miligiram 5 a kowane kilo na nauyin jiki a yini, tare da duba ido lokaci-lokaci. Sai ya yi wata biyu zuwa uku kafin a ga aikinsa, a yi haƙuri da shi. Sulfasalazine ana farawa da miligiram 500 a yini a hau a hankali zuwa giram 2, amma ba a ba wanda Septrin ya taɓa fesa wa ƙuraje, kuma a kula da masu ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke da yawa a cikin mazan yankinmu, domin yana iya farfasa musu jini. Alluran zamani masu tsada na danne kumburi sai an tace tarin fuka da ciwon hanta kafin a fara, kuma aikin ƙwararren likitan gaɓoɓi ne, waɗanda galibi a asibitocin koyarwa ake samunsu.

Methotrexate yana aiki sosai, kuma ana ba da shi in cutar ta kwanta, CD4 ya haura 200. Sau ɗaya a mako ake shansa, ba kullum ba, a rubuta sunan ranar a jikin kwalin, a haɗa da folic acid a wata ranar daban. Ba ya haɗuwa da Septrin. Dukansu suna toshe hanyar da ɓargo ke bi ya ƙera jini, kuma a ƙasashen zazzaɓin cizon sauro masu HIV da yawa suna shan Septrin miligiram 960 kullum tsawon shekaru, har ba sa lissafa shi in an tambaye su magungunansu. Likitan gaɓoɓi ya tambaya da suna, a daidaita da asibitin HIV kafin ƙwaya ta farko. Zidovudine ma yana ƙara danne ɓargon. Gyambon baki, zazzaɓi, jini daga dasashi ko sabon tari da haki ga mai shan methotrexate na nufin ya dakatar da shi ya je a ƙirga jininsa a ranar. A farkon farawa ana gwada jini da hanta da ƙoda duk mako biyu, in adadin ya daidaita a koma wata-wata, daga baya duk wata uku. Mace mai ciki, ko mai shayarwa, ko mai neman haihuwa ba ta shansa.